Tankin kifi sabo ne ɗanye, kifi sun riga sun shiga: me za a yi kafin ya nuna?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tanki ne na gilashi, tsawo santimita 60, faɗi 30, tsayi 35. Jan kifi na ado (goldfish) shida a ciki, kowane kamar tsawon yatsa. Ranar da aka zuba ruwa ranar aka sa su, yau kwana biyar. Filta ƙarama ce ta cikin ruwa mai soso. Tun jiya ruwan ya yi fari-fari, kifin suna hawowa sama suna haɗiyar iska, ɗaya ya naɗe fikafikansa ya lafe a kusurwa. Ruwan famfo ne. In kwashe komai in wanke?

Mai Gilashi: Wa alaikumus salam. Ƙanena kada ka kwashe, kada ka wanke. Yanzu-yanzu ka zuƙe rabin ruwan da tiyo, ka mayar da wanda babu kulorin a cikinsa, zafinsa daidai da na tankin. Abinci kuma ka tsayar yau da gobe. Bayani ya biyo baya, amma wannan ba ya jira.

Malam Mai Kimiyya: Haka ne. Ga abin da ke faruwa a ciki. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta wurin numfashinsa da ke ƙarƙashin murfin kumatu, sauran daga kashi da ragowar abinci da ke ruɓewa. A tsohon tanki akwai bakteriya masu amfani iri biyu: na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya nitirit, na biyu, irin su Nitrospira, suna mayar da nitirit nitirat. Amoniya guba ce, nitirit guba ce, nitirat ce kaɗai mai sauƙi. Waɗannan bakteriya ba sa saurin haihuwa, sukan ɗauki wuni guda ko fiye kafin su ninka, shi ya sa tanki ke cin mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, wato kafin su yi yawan da za su cinye gubar duka. Har zuwa lokacin, aikin da filta ya kamata ta yi kai ne za ka yi shi da bokiti.

Farin da ka gani ba su ba ne. Wasu bakteriya ne masu cin datti da suka yi yawa lokaci guda. Ba sa cutar da kifi kai tsaye, amma suna shan oksijin, saboda haka ka ƙara iska. Da kansa zai washe cikin ƴan kwanaki.

Hajiya Mai Gufi: Ɗana, a fara da lissafin ruwan. 60 sau 30 sau 35 ya ba da lita 63, amma da ka cire yashi da duwatsu da tazarar da ake bari a sama, ba ka da fiye da lita 50. Duk maganin da za ka auna, a kan 50 za ka auna shi. Sannan in faɗa maka gaskiya, jan kifi shida sun yi wa lita 50 yawa ko da tankin ya nuna. Kifi ne mai ci da yawan kashi, kuma yana girma ya kai tsawon tafin hannu ya wuce. In akwai wanda ke da tsohon tanki, ka ba shi ajiyar huɗu, ka bar biyu. Babu maganin kwalba da ya kai wannan aiki.

Sabon Shiga: Na gode Hajiya. Ba ni da abin gwajin ruwa. Dole ne?

Malam Mai Kimiyya: Ya fi komai amfani bayan bokiti. Ka nemi na ɗigo, ba na ƴar takarda ba, domin yawancin takardun nan masu auna abu biyar ba sa auna amoniya, ita kuwa ce ke kashe kifi a makon farko. In na kamfanin API ne ka samu: ruwa mililita 5 a kwalbar gwaji, ɗigo 8 daga kwalba ta ɗaya, ɗigo 8 daga ta biyu, ka girgiza, ka jira minti 5. Rawaya babu amoniya, kore akwai. Nitirit ɗigo 5, minti 5: shuɗi mai haske babu, shunayya akwai. Ka duba rubutun kwalba da kyau, NO2 nitirit ce, NO3 nitirat. Ta nitirat kwalbarta ta biyu sai an girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30, in ba haka ba za ta nuna maka sifili alhali akwai. Ka karanta launin a hasken rana, bayan farar takarda, ba ƙarƙashin fitila ba.

Ƙa'idar ita ce: kullum da safe kafin abinci ka auna biyun. Kowace ta kai miligiram 0.5 a lita, ka canja ruwa. Kuma canjin lissafi ne kawai: in amoniya 2 ce ka canja rabi, ta koma 1, ba ta tafi ba. Sai ka sake canja rabi bayan awa uku ko huɗu ta koma 0.5. Canjin kashi 10 cikin 100 da ake faɗa wa mutane zai sauke 2 zuwa 1.8 ne kawai, ba ya ceton kifi.

Alhaji Mai Tarwaɗa: Malam, a nan ina da ja. In kullum ana zubar da rabin ruwa, da me bakteriyar za su rayu? Ana kwashe masu abinci, ana kuma zubar da su. Ni a ganina a bar amoniyar ta ɗan taru ta kai 1 ko 2 don tankin ya yi saurin nuna, a riƙa canja kashi ɗaya cikin biyar bayan kwana biyu-biyu.

Malam Mai Kimiyya: Ranka ya daɗe, abu biyu ne. Na ɗaya, ba a cikin ruwa suke zaune ba. Manne suke a jikin soso, tsakuwa, gilashi da cikin tiyo, cikin wani santsi mai ruwan ƙasa. Ko ruwan duka ka canja ba ka zubar da su ba, muddin ba ka goge ba kuma kulorin bai taɓa su ba. Na biyu, muddin gwaji na nuna ko 0.25, to abinci ya fi ƙarfin bakteriyar da ke akwai, ba yunwa suke ji ba. Kifin kuma dare da rana suna fitar da sabuwa. Barin amoniya ta kai 2 hanya ce ta nunar da tankin da babu kifi a ciki.

Kuma mu a Maradi muna da dalili na musamman. Abin da gwaji ke nunawa jimilla ce ta nau'i biyu, mai guba sosai da mai sauƙi, kuma rabonsu ya danganta da pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, da kuma zafi. A digiri 30, in pH 7 ne, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In pH 8 ne, ta haura kashi 7. Wato karatun 2 a pH 8 yana nufin kusan 0.15 na zallar guba, alhali daga 0.05 ta fara ƙona wurin numfashi. A Afrilu da Mayu ruwan tanki a ɗaki yana wuce 30 ba tare da wahala ba.

Alhaji Mai Tarwaɗa: Na karɓi batun zafi. Amma tarwaɗa tana jure abin da ya fi haka.

Hajiya Mai Gufi: Alhaji, tarwaɗa tana da abin shaƙar iskar sama, kuma kifi ce mai taurin rai. Jan kifi ba shi da wannan, ga shi asalinsa ruwa mai sanyi ya fi so. Kada a auna shi da ita.

Ɗan Bagalam: Mu dawo kan ruwan da zai zuba, tunda kullum zai buƙaci lita 25, bido guda ke nan. Ruwan famfo akwai kulorin, wanda aka sa don ya kashe bakteriya, kuma ba ya tantance masu amfani da marasa amfani. Hanya biyu. Ko a tara shi a buɗaɗɗen baho a inuwa awa 24 zuwa 48, in da hali da dutsen kumfa a ciki, wato ɗan dutsen da famfon iska ke hura kumfa ta cikinsa. A bido mai ƙaramin baki a rufe ba ya fita. Ko a sa maganin kashe kulorin. In maganin Prime ne na kamfanin Seachem, mililita 5 ne ga lita 200, wato bido na lita 25 ɗan sama da rabin mililita. A auna da sirinji, ba da murfi ba. Amfaninsa na biyu shi ne yana ɗaure amoniya na kwana ɗaya zuwa biyu, sai dai gwaji zai ci gaba da nuna ta, kada ka ruɗe. Kuma ɗaurewa ba cirewa ba ce, canjin ruwa na nan daram.

Bidon da ya taɓa ɗaukar mai, omo ko zabel (bilic) ba ya shiga wannan aiki. A ware bokiti da tiyo na kifi kaɗai, a gaya wa mutanen gida.

Mai Gilashi: Ƙari kan zafi: ruwan tankin saman rufi da azahar yana ƙona hannu, wanda ya kwana a randa kuma ya fi na gilashi sanyi sosai. Tazarar kada ta wuce digiri 2. Mafi sauƙi a ajiye bahon a ɗaki ɗaya da tankin ya kwana, da safe zafinsu ɗaya. A zuba a hankali a kan faranti ko tafin hannu don kada ya tayar da ƙasa.

Sabon Shiga: Maƙwabcinmu na da foraj, wato rijiyar burtsatse. Ba ya fi ba, tunda babu kulorin? Ko in sayi piyawata?

Ɗan Bagalam: Na foraj yana yi, amma ba daga bakin tiyo kai tsaye ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana fitowa da ƙarancin oksijin da yawan iskar kabon, kuma bayan ya sha iska pH ɗinsa yakan hau. A bar shi ya kwana a buɗe, a auna shi a lokacin. A gwada masa amoniya da nitirat ma tun kafin ya shiga tanki, musamman ruwan rijiya kusa da masai ko gonar da ake zuba taki. Abin da ya fi muhimmanci ka tsaya kan ruwa iri ɗaya. Yau famfo gobe foraj yana jujjuya pH, kifi ya sha wahala biyu. Piyawata kuwa, leda 50 ce lita 25, kullum. Ka lissafa da kanka.

Alhaji Mai Tarwaɗa: Ba a yi maganar gishiri ba, kuma nan ne fannina. Bayan mako ɗaya ko biyu amoniya za ta fara sauka, mutum ya ce an gama, sai nitirit ta taso, ita kuma ta fi daɗewa. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Za ka ga kifi na haki ga kumfa na tashi, in ka leƙa ƙarƙashin kumatu maimakon ja sai ka ga ruwan ƙasa. Gishirin miya na taimakawa, domin sinadarin kulorayid da ke cikinsa ƙofa ɗaya suke bi da nitirit, in ya yi yawa sai ya tare mata hanya. Masu kiwo suna neman kulorayid ya ninka nitirit sau 10. Gishiri kusan kashi 60 cikin 100 nasa kulorayid ne. Cokalin shayi ɗaya shafaffe, kamar giram 5, a lita 50 ya ba da kusan miligiram 60 a lita, ya rufe nitirit har 5. Ba a buƙatar tafi guda.

A narkar da shi a kofi tukuna. In an canja rabin ruwa a mayar da rabin cokali kawai. In ruwa ne ya ƙafe aka cika, ba a ƙara ko ƙwaya, gishiri ba ya bin tururi.

Malam Mai Kimiyya: Lissafin Alhaji daidai ne. Abu biyu zan ɗora. Gishiri ba ya yi wa amoniya komai, kuma ba ya cire nitirit, gwaji zai ci gaba da shunayya, a ci gaba da canja ruwa. Sannan a kiyayi kanwa. Wasu na jefa ta don ruwa ya washe ko don suna ɗaukarta gishiri. Kanwa tana ɗaga pH, wato tana mayar da amoniya mai sauƙi ta koma mai guba cikin mintuna. Haka gishirin lasar dabbobi, ba a san me ya cakuɗa da shi ba. Farin gishirin kicin ya isa, iyodin da ke ciki a wannan awon ba ya cutarwa.

Hajiya Mai Gufi: Abinci fa, wanda shi ne tushen duka. Giram ɗaya na abincin kifi mai furotin kashi 35 zuwa 40 yana zama amoniya miligiram 30 da ɗoriya. A lita 50 ya haura 0.6 ke nan, daga giram ɗaya tak, ya wuce iyakar da Malam ya sa. To ka ga dalilin da tsunkule uku a rana ke kashe kifi a sabon tanki. Bayan azumin kwana biyun nan, ka ba su sau ɗaya bayan kwana biyu, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Wanda ya nutse ka zuƙe shi da siririn tiyo tare da kashin da ke ƙasa. Lafiyayyen kifi yana mako guda bai ci ba bai mutu ba. Gwangwanin abincin a ɗaga shi sama inda yara ba sa kaiwa, kowane yaro ya wuce sai ya tausaya masu. Burodi da tuwo ba sa shiga. In ɗaya ya mutu a cire shi nan take, a ƙirga su kowace safiya, domin gawa ɗaya a bayan dutse a wannan zafi ta isa ta ɗaga amoniya cikin dare.

Mai Gilashi: Akwai hanyar gajarta makonnin. Kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara ta kama, haka ake ɗauko soso daga filtar tankin da ya yi wata uku ko fiye, a cusa shi cikin sabuwar filta. A yanko kamar kashi ɗaya cikin uku, kada a talauta mai bayarwa. A ɗauko shi cikin leda da ruwan tankinsa, da iska a saman ledar, a inuwa, a sa shi cikin awa ɗaya ko biyu. Ya bushe, ya mutu. Ko matse dattin tsohon soso a bakin sabuwar filta yana taimakawa. Ruwan tsohon tanki zalla kuwa ba ya ɗauke da wani abin kirki. Sharaɗi ɗaya: tankin da aka ɗauko daga gare shi ya zama babu farin ɗigo a jikin kifi, babu mace-mace kwanan nan.

Sabon Shiga: Bakteriya ta kwalba da ake tallatawa fa?

Mai Gilashi: Rayayyen abu ne, zafi da daɗewa na kashe shi. Kwalbar da ta biyo mota daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa a bazara, ta zauna a kanta a shago, ba ka da tabbacin abin da ya rage a ciki. In ka samu mai sabon kwanan wata ka zuba, ba ta cutarwa, amma gwaji ne zai gaya maka ko ta yi aiki. Soson maƙwabci ya fi ta tabbas.

Alhaji Mai Tarwaɗa: Kainuwa ma na shan amoniya sosai, tana kuma yi wa kifi inuwa. Sai dai wadda aka ɗebo daga tafki, ko Madarumfa ko kududdufin bayan gari, tana zuwa da matsattsaku, ƙwan kwari da ƙananan dodon koɗi, waɗanda wasunsu ke ɗauke da tsargiya. A wanke saiwar, a ajiye ta a baho dabam mako biyu ana dubawa. Kada ta rufe fiye da rabin saman ruwa. Jan kifi zai ci saiwar, a sa rai da haka.

Ɗan Bagalam: Saura kuran, wato ɗaukewar wutar lantarki, wanda duk mai tanki a garin nan ya san shi. Bakteriyar nan sai da oksijin suke aiki, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe ta da yawa: a digiri 25 kamar miligiram 8.3 a lita, a 35 ƙasa da 7. Filta rufaffiya in ta tsaya awoyi, oksijin na cikinta ya ƙare, bakteriya su fara mutuwa, in wuta ta dawo ta turo ruwa mai wari cikin tanki. In ɗaukewar ta wuce awa biyu, a buɗe filtar a saki soson cikin tankin, ko a faranti mai faɗi da ruwan tanki ya ɗan rufe shi. Ga kifin, a ɗebi ruwa da kofi a zubo shi daga sama sau da yawa duk bayan minti 15 zuwa 20. Mafita ta gaske ƙaramin famfon iska ne na USB da fawabank, a haɗa shi da filtar soso mai aiki da iska: tacewa da iska a abu ɗaya, wutar da yake ci kaɗan ce. A sa bawul mai hana komawar ruwa a tiyon iskar, ko a ɗora famfon sama da tankin, in ba haka ba wuta na ɗaukewa ruwa ya biyo tiyo ya sauko ƙasa.

Filta ba a kashe ta da dare don tsimin wuta. In ruwa ya wuce 30, a buɗe murfi a juya fanka ta busa saman ruwa, a busasshiyar iskarmu tana sauke digiri 2 zuwa 3. Tankin ya bar bakin taga.

Hajiya Mai Gufi: Da hunturu kuma akasin haka ne, Disamba da Janairu ruwa na sanyi, bakteriya su rage sauri, nunar ta ƙara tsawo. Ba lalacewa ba ce.

Kada a zuba magani don an ga kifi ya lafe. Kafso na kantin magani da shuɗin maganin nan metilin duk suna kashe bakteriyar filta, a koma ranar farko. In dole sai an yi wa kifi magani, a baho dabam.

Sabon Shiga: In soson ya toshe fa? Kuma yaya zan san an gama?

Malam Mai Kimiyya: In ruwan da filta ke turowa ya ragu, ka matse soson sau biyu ko uku cikin bokitin ruwan da ka zuƙo daga tanki, ka mayar. Ba ƙarƙashin famfo ba, ba sabulu, kuma ba sai ya yi fes ba. Kada ka canja shi da sabo a wannan watannin.

Alamar gamawa: amoniya 0, nitirit 0, kwana 7 a jere ba tare da ka canja ruwa ba kuma kana ba da abinci kullum, nitirat kuma tana hawa. Daga nan sai canjin kashi 25 zuwa 30 a mako, ka riƙe nitirat ƙasa da 40. In nitirit ta tsaya cak makonni ba ta sauka, auna pH: aikin bakteriyar kansa yana sa ruwa tsami, ƙasa da 6.5 suna rage aiki, wajen 6 kusan su tsaya. Canjin ruwa yakan gyara shi. Ka rubuta karatun kowace rana a littafi, hawa da saukar ne ke nuna inda kake, ba karatun rana ɗaya ba.

Mai Gilashi: Kafin abin gwajin ya iso, ga jadawalin makaho: da kifi shida, rabin ruwa kullum. In ka rage su zuwa biyu, kashi ɗaya cikin uku kullum na mako biyu, sannan bayan kwana biyu-biyu har mako na shida. Gishirin Alhaji daga ƙarshen makon farko. Duk ranar da ka ga haki ko jan zane a wutsiya, ka canja rabi ba tare da jiran jadawali ba.

Alhaji Mai Tarwaɗa: Huɗun da aka kai ajiya kuma kada su dawo rana ɗaya. Bakteriyar da ta tsiro daidai kashin kifi biyu ce. In za a ƙara, ɗaya, a jira mako biyu ana gwaji. Ko da yake ina tare da Hajiya, a lita 50 biyun ma nan da shekara za su nemi babban wuri.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. An canja rabi, an cika baho na gobe. Wa ke da tsohon soso wajen unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a nan Maradi?

Mai Gilashi: Ka biyo shago bayan la'asar da leda biyu da bokiti mai murfi, ka taho da kifi huɗun.